Ɗakin da Na Gina a Kwamfuta

Na shiga ajin yaƙi da jahilci ina da 'ya'ya, babbansu har muryarsa ta fashe. Bayan La'asar muke zuwa wata firamare a Ƙaura, mu zauna kan bencin da aka yi don yara, gwiwoyinmu na tokarar teburi. A can na san harafi. Kwamfuta kuwa ƙanena ya koya mani, kuma ba don tausayi ba, don ya rasa yadda zai yi ne.

Ya gama kwalejin garinmu ya buɗe shago kusa da tashar jirgin ƙasa, yana ɗaukar hoto da bidiyon biki. Aka yi mana jiha, ba a daɗe ba Shari'a ta zo. Ni ma na yi kabbara ranar, ba zan ɓoye ba. Amma daga nan namiji ba ya shiga cikin mata da kyamara, kuma biki in babu mata ba mai kallon kasetinsa, don maza zama kawai suke yi a ɗaura aure, su ci goro su watse. Ƙanena ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakina. Lokacin ban daɗe da fita takaba ba, ba ni da abin yi sai suyar ƙosai.

"Yaya, ke ba ki jin tsoron kowa. Zo ki riƙa mani kyamara."

"Mutum ne ba ni tsoro. Wagga aba taka ban san ta ba."

"Ba ta cizo."

Ba ta cizo, amma tana cin ido. Tana cin ƙafa kuma, don an hana 'yan kabu-kabu ɗaukar mata, motar mata kuwa sai ta ga dama take zuwa. Da ƙafa nake zuwa shago, da ƙafa nake komawa, jakar kyamara ƙarƙashin hijabi kamar mai goyo ta gefe.

Da hannuna ya faɗa, sai ya zaunar da ni gaban kwamfuta. Aikin da ya fi kawo mana mutane shi ne haɗi. A rataya shuɗin ƙyalle, mutum ya tsaya gabansa a ɗauke shi, sai a ce wa kwamfuta duk inda ta ga shuɗi ta cinye. Mutum ya rage shi kaɗai, ba ƙasa ba sama, ka ɗora shi inda ka ga dama, gaban bene ko bakin ruwa ko cikin furanni. A baki abu ne mai sauƙi. Amma kwamfuta ba ta da hankali. Tana barin shuɗi-shuɗi a gefen kunne da bakin mayafi, kuma hoto mai motsi ba guda ɗaya ba ne, hotuna ne birjik a jere. Sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana gogewa, kamar tsintar tsakuwa a shinkafa. A ɗauke wuta, a tada janareta, hayaƙi ya cika shago, ka ci gaba. Ƙanena ba shi da wannan haƙuri. Ni kuwa na ƙarar da ƙuruciyata a kan faifan tsinta.

Shi ya nuna mani cewa mutum in ba shi da inuwa, yawo yake yi a hoto kamar an manna shi da yawu. Sai inuwa ta shiga raina. Na zama ina tafiya ina kallon ƙasa, ina duba yadda ta jaki take kwanciya da hantsi, da yadda ta mutum take lanƙwashewa in ta hau bango. Mutanen unguwa suka ce tun da mijina ya rasu na daina ɗaga kai.

Wata shekara wasu mata masu aikin asibiti suka zo neman ɗan gajeren fim da za a riƙa nuna wa mata a kan zuwa awo. Labarin ba shi da yawa. Mace mai ciki ta kawo wa mijinta fura, ta nemi izinin zuwa asibiti, ya yi 'yar gardama, ya yarda. Ɗaki ɗaya, mutum biyu. To a wancan lokaci wace mace ce za ta zauna ɗaki ɗaya da namijin da ba nata ba, a ɗauka, a nuna wa duniya? Ƙanena ya ce a ɗauki mace daban, namiji daban, ni in haɗa.

Namijin bai yi wuya ba, wani malamin makaranta ne a Shinkafi mai shirya wa ɗalibai wasan kwaikwayo. Macen kuwa ɗiyar yayana na nema, wadda ke aure a Zurmi. Ni na rene ta tun tana rarrafe, tana da baki, kuma cikin gaske gare ta, ba sai mun cusa tsumma ba. Mijinta ɗan kasuwar hatsi ne, mutum mai shiru-shiru. Na same shi a zaurensa na yi masa bayani.

"Gwaggo, in dai ba za ta haɗu da namiji ba, na yarda."

"Ko inuwatai ba za ta gani ba," na ce masa.

Ɗakin na fara ginawa. Ban so in ɗauki na kowa, kada a ce ga gidan wane, sai na yi ta tsinto shi. Bangon na wani tsohon gida ne a Gurbin Bore, jar ƙasa da aka shafe da hannu har sawun yatsu ya fito. Jeren kwanonin na wata amarya ce da na ɗauki bikinta. Tagar daga gidajen ma'aikatan jirgi na ɗauko ta, waɗanda yanzu awaki ke kwana ciki. Tabarmar kaba ce ta Jangeru, ita kaɗai ce ta gaske, don dole a zauna kanta. Na haɗa su cikin kwamfuta, na sa haske ya shigo ta tagar ya faɗa kan kwanoni, har ƙusa na kafa a bango na rataya carbi. Duk wanda ya leƙo shago sai ya ce kamar ya san ɗakin nan. Babu shi a duniya.

Na tafi Zurmi, na isa da hantsi mazan gidan sun fita. Na rataya shuɗin ƙyalle kan igiyar shanya, na shimfiɗa tabarma, na kafa kyamara kan ƙafafunta. Na zauna daidai inda mijin fim zai zauna, don idonta ya san inda zai kalla. Na ce ta kawo ƙwarya da ludayi. Ta shiga ta ɗauko wata wankakkiya, da ɗinki a bakinta inda ta taɓa tsagewa. Na yi wa tabarma alama da gawayi inda za ta ajiye ta.

Yarinyar da ke cika gida da surutu, tana ganin kyamara ta sandare. Tana maganar awo kamar mai karanta sanarwar rasuwa a rediyo. Muka yi ta maimaitawa har fura ta tsinke. Da na gaji sai na ce mata:

"Wai ke ce mai kiran mata zuwa asibiti? Ke da kinka ga allura kinka shige rumbu, sai da anka jawo ki ta ƙafa, kanki duk ƙaiƙayi?"

Ta tuntsure da dariya, ta kalle ni ta gefen ido, ta ja bakin mayafi ta rufe baki, sannan ta faɗi maganarta tiryan-tiryan kamar ba ita ba. Na ce shi ke nan, wannan nake so.

Na naɗe tabarma, na ɗauki ƙwaryar, don ita ce malamin zai ɗauka a nasa ɓangaren. Ta ce, "Gwaggo, ki maido ta da wuri, da ita maigida yake sha." Na ce to. Ban kawo komai a raina ba, ita ma ba ta kawo ba.

Ƙanena ya tafi Shinkafi da kayan ya ɗauko malamin a kyamara. Sai dai ya shimfiɗa tabarmar a juye, da na ɗora su ɗaki ɗaya sai ga miji ya ba matarsa baya. Ƙanena ya ce abu ne mai sauƙi, a juya malamin kamar a madubi, dannawa ɗaya ce. Muka juya, sai ga mutum yana shan fura da hannun hagu. Na ce wallahi ba a shagon nan ba. Ya koma Shinkafi yana ƙunƙuni ya sake ɗauka.

Sai haɗi. Makonni na yi a kai. Na daidaita hannunta yana barin ƙwarya, nasa yana isowa. Na cire muryata na sa ta malamin a gurbin, yadda dariyar ta faɗo daidai kan zolayarsa. Na zana inuwar hannun rigarsa ta ratsa gefen zanenta lokacin da ya miƙa hannu, hoto bayan hoto, har idona ya fara ruwa, in na rufe shi shuɗi nake gani. Ranar da na gama ƙanena ya kalla ya ce, "Yaya, ni da na ɗauki mutumin nan da hannuna, sai in rantse suna tare." Na ji daɗi. Ba zan ce ban ji ba.

Fim ɗin na mata ne, a asibiti da cikin gidaje aka ce za a nuna. Amma faifai ba ya zama inda aka ajiye shi. Wani ya kwafa, wani ya kwafi na wancan, sai ga shi a talabijin ɗin mai shayi a kasuwar Zurmi, maza sun yi da'ira. Mijin yarinyar yana awon gero wani ya ce masa, ashe furar gidanka har Shinkafi take kaiwa? Uwarsa kuma da aka nuna mata ba ta kalli fuskar kowa ba, ƙwaryar ta gane. Ita ta ɗinke ta da hannunta. Da ita ubansa yake sha kafin ya rasu, sannan ta koma hannun ɗan, wani namiji bai taɓa kai ta baki ba. Ga ta nan a hannun baƙo, ga suruka tana yi masa dariya ta gefen ido.

Kafin Juma'a ta zagayo an ce wa yarinya ta je gida sai an neme ta. Ba saki ba ne, amma hanyarsa ce. Ta dawo gidan yayana da ciki ya tsufa. Kuma a shekarun nan, zancen mace mai ciki da wani namiji cikin ɗaki ba ya tsayawa a bakin mata, yana iya kaiwa gaban alƙali. Yayana ya daina amsa gaisuwata.

Na aika wa mijin cewa ya zo shago ya gani da idonsa, in bai zo ba ni zan same shi a kasuwa gaban abokansa, da kwamfuta a kaina. Ya zo bayan Azahar tare da baffansa, tsoho mai faɗa a ji a gidansu, cikin babbar riga shuɗiya mai sheƙi da rawani irinta.

Na buɗe masu ɗaukar farko. Ga ta ita kaɗai gaban ƙyalle, igiyar shanya na leƙowa ta sama. Ga malamin shi kaɗai. Ga ɗakin babu kowa ciki. Tsohon ya kalla, ya gyara zama.

"To, baiwar Allah. Ke da kinka iya haɗa su, mi za ya hana ki raba su kafin mu iso?"

Ƙanena ya fara dogon bayani, na ce ya dakata. Tsohon bai yi wauta ba. In ni ce shi, abin da zan tambaya ke nan.

"Alhaji, ka taɓa shiga wanga ɗaki?"

"A'uzu billahi. Mi za ya kai ni ɗakin matar ɗana?"

"Ka taɓa zama tabarma guda da ni?"

"Ke, ki san da wa kike magana."

"Na sani. Tashi ka zauna can, gaban ƙyallen."

Ya kalli mijin, mijin ya kalli ƙasa. Tsohon ya tashi ya je ya zauna. Ƙanena ya ɗauke shi yana miƙa hannu yana ɗaukar kwanon ruwa daga kan alamar gawayi. Muka sa a kwamfuta, ni kuwa fushi ya mantar da ni rigarsa. Ta cinye ƙyalle, ta cinye riga, ta cinye rawani. Sai ga fuska da gemu da hannuwa biyu suna reto tsakiyar ɗaki.

"Innalillahi! Ina jikina?" Ya dafa ƙirjinsa da hannu biyu.

"Yana nan, Alhaji. Rigarka ce ba su jitu ba. Tuɓe ka sa fara."

"In tuɓe? Gaban mace?"

"Fita zan yi. Dama ba kallonka ya kawo ni shago ba."

Na ce wa mijin ya tsaya nan, shi ne shaida. Na fita na tsaya bakin tasha ina kallon ciyawar da ta cinye hanyar jirgi, ƙafafuna na zugi. Aka sake ɗaukar tsohon cikin kaftanin ƙanena da ya tsaya masa a ƙwauri. Da aka kira La'asar ya mayar da rigarsa ya nufi masallaci. Na ce wa mijin ya ɗan dakata ya ga baffansa ya fita tukuna. Na shiga na zauna gaban ƙyallen, na ajiye kwano kan alama, na kalli gefe na yi wa iska dariyar da ban taɓa yi wa marigayi ba. Sannan mijin ya bi baffansa.

Kafin su dawo na haɗa. Ba aikin makonni ba ne, gefen kunnensa duk shuɗi, amma na sa masa inuwa. Suka shigo, na danna. Ga Alhaji zaune cikin ɗakin, ga ni na miƙa masa ruwa ina rangwaɗa, ga shi ya karɓa.

Tsohon ya juyo ya kalle ni.

"Wagga mata shaiɗaniya ce."

"In kai ma Hajiyarka kwafi guda?"

"Goge! Goge shi yanzu ina kallo!"

Na goge. Sai ga shi yana dariya har da tari, yana share ido da bakin rawani. Ya juya ga ɗan nasa ya ce, "Tahi ka ɗauko matarka. Ba ta yi komi ba."

Mijin bai motsa ba.

"Baffa, na san ba ta yi ba. Tun ranar farko na sani." Ya juyo gare ni, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Gwaggo, wagga dariya, wa ta yi ma?"

Na sake buɗe ɗaukar farko, na ƙara murya. Ga ni ina zancen allura da rumbu da ƙaiƙayi, ga ta ta tuntsure. Ya ce in maimaita. Na maimaita.

"Ban san ta taɓa shiga rumbu ba," ya ce. "Ni na gani, Baffa ya gani. Amma kasuwar Zurmi ba za ta shigo wanga shago ba."

Ya ce zai je ya ɗauko ta, amma sai na gyara fim ɗin yadda ko jariri ya kalla zai san ba su tare, kuma shi za a ba matan asibiti su ci gaba da nunawa, shi kuma za a kai wa mai shayi. Na ce na ji.

Na zauna na lalata aikina da hannuna. Na ɗauko hoton danga na kafa tsakiyar ɗaki, ita ta wannan gefe, malamin ta wancan, miji da mata suna magana ta bayan dangar kara cikin ɗakin kwana. Na goge inuwar hannun riga hoto bayan hoto, yadda na zana ta. Na yanke wurin da ƙwarya ke barin hannunta, na sa wa malamin kwanon sha. Na cire dariyar gaba ɗaya, na dawo da muryar sanarwar rasuwa. Na bar shuɗi a gefen mayafinta da gangan. Lalatawar ta ɗauke ni kusan yadda ginawar ta ɗauke ni, kuma babu wanda ya leƙo ya ce kamar ya san ɗakin. Matan asibiti suka kalla suka ce na farko ya fi kyau. Na ce na sani.

Na farkon bai daina yawo ba, ba mai iya tsinto faifai in ya watsu. Abin da ya ɗan rufe bakin kasuwa, tsohon ne. Duk majalisar da ya zauna sai ya ba da labarin yadda wata mata a Ƙaura ta raba shi da jikinsa ta bar masa gemu da hannuwa. Bai taɓa faɗin ɓangaren kwanon ruwa ba, ni ma ban faɗa ba sai yau da ƙasa ta rufe shi.

Yarinyar ta koma ɗakinta kafin ta haihu. Ni na ɗauki bidiyon sunan, don ba wata mace mai kyamara tsakanin Ƙaura da Zurmi. Ta gaishe ni da ladabi, ta miƙo mani jaririya. Amma duk sanda kyamara ta juyo wurinta sai ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. Na kalli kaset ɗin daga farko har ƙarshe, haƙorinta ko ɗaya bai fito ba.

Da zan tafi ta biyo ni zaure da abu cikin tsumma. Ƙwaryar ce.

"Ya ce ba ya iya sha da ita, Gwaggo. Inna kuma ta ce kada a fasa."

Tana nan gefen kwamfuta. Ciki nake ajiye tabarau da maganin ɗigawa a ido, don yanzu sai na ɗiga kafin in ga bakin mayafi. Haɗi ban daina ba, shi ne abin da na iya. Sai dai in an kawo ango daban, amarya daban, a ce in haɗa su a hoto, ko da an riga an ɗaura, ba na sa masu inuwa. Wasu su dawo su ce, Hajiya, wannan ai kamar an manna su. In ce i, manna su aka yi, in miƙa masu abinsu.